Gurara, Assop ko Wikki: Ina Bakano Zai Kai Ƙananan Yara Kallon Ruwa?

Yaron da ya tashi a Kano, iyakar saninsa da ruwa mai faɗowa daga sama shi ne indararon gidansu a watan Agusta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ka ɗauke Dala da Goron Dutse sai ka yi nisa kafin ka samu abin da za ka ɗaga kai ka kalla. Ranar da 'yata ta tsakiya ta ga hoton magangarar ruwan Gurara a littafin makarantarsu, sai ta zo ta tsaya a kaina: "Abba, wai wa yake zubo ruwan nan daga saman dutse?" Na ce mata ikon Allah ne. Ta ce to a kai ta ta gani da idonta. Wannan tambayar ce ta cinye mana hutun makaranta huɗu, kuma tun daga nan duk wanda ya ji labari a majalisa sai ya ja ni gefe ya tambaye ni inda zai kai nasa iyalin.

Wuraren da ake kai-kawo a kansu biyar ne: Gurara a Jihar Neja, Assop a Filato, Matsirga a kudancin Kaduna, Farin Ruwa a Nasarawa, sai Wikki da ke cikin dajin Yankari a Bauchi. Na san Wikki maɓuɓɓuga ce, ba magangarar ruwa ba. Da gangan na sa ta, za ka ga dalili.

Abin da za ka auna

Kuskuren da na fara yi shi ne tambayar wanne ya fi tsayi. Mai ƙananan yara ba ruwansa da tsayin dutse. Abin da zai fara aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin inda ake ajiye mota da inda ake ganin ruwa, da irin ƙasar da za a taka a tsakani. Takun ɗan shekara uku ƙidayayye ne, da ya ƙare sai ya zauna daɓas a ƙasa ya miƙo hannu, daga nan kuma wuyanka ne motarsa. Akwai gwaji mai sauƙi: wata Asabar da safe ka kwashe su ku hau Dala ta matakala. Wanda ya kai sama da ƙafarsa ya sauko bai yi kuka ba, zai iya Gurara da Assop. Wanda aka saɓa a rabin hanya kuwa, ka san da zanin goyo za a tafi.

Na biyu zaman mota. Duk wuraren nan suna tsakanin kilomita 350 zuwa sama da 500 daga Kano, babu wanda za a je a dawo a yini ɗaya da yara. In taswirar waya ta ce maka awa shida, ka ƙara biyu. Akwai fitsari, akwai amai, akwai salla, akwai shingayen jami'an tsaro, ga kuma wanda zai ce yunwa yake ji tun ba a wuce Kura ba.

Na uku kuɗi, kuma a nan akwai abin da ya ba ni mamaki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa lissafin fetur yake fara yi, amma da yake nisan wuraren ya yi kusa da juna, mai ba shi ke raba gardama ba. Motata in ta cika da mutane da kaya, ga na'urar sanyi a kunne, tana shan kimanin lita 10 a kilomita 100. Zuwa da dawowa na kilomita 900 ya kama lita 90 ke nan, sai ka ninka da farashin ranar. Kuɗin shiga ƙofa da ɗan abin da za a ba mai jagora ba su taka kara sun karya ba in an kwatanta da wannan. Inda aljihu ke jin jiki shi ne masauki: garin da za a kwana, da yawan daren.

Na huɗu lokaci, wato watanni nawa wurin ke da amfani ga yara. Wannan shi ne abin da mutane suka fi faɗawa rami a kansa. Dogon hutun makaranta yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina ke nan, lokacin da ruwan ya fi kyau a hoto kuma ya fi kisa. Hutun Disamba gajere ne, amma shi ne na masu yara: ruwa ya ja baya, duwatsu sun bushe, hanyoyin ƙauye sun yi tauri. Hutun wajajen Afrilu kuma zafi ne, wasu magangarun sun koma 'yan siraran zare.

Na biyar haɗari, shi kuma kala huɗu ne. Santsin gansakuka a kan dutse, wanda silifas ba ya jurewa. Tasowar ruwa ba zato, domin ana iya yin ruwan sama a can saman tudu kai kana cikin rana ƙwal. In ka ga ruwan ya fara ja yana kawo ganye da ƙirare, ka kwashe yara ku hau sama, kada ka tsaya neman takalmi. Sai tsargiya, wadda mu a Kano ba baƙuwarmu ba ce, duk wanda ya san ƙauyukan da ke bakin dam da wuraren noman rani ya san yaro mai fitsarin jini. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take rayuwa cikin ruwa mai kwanciya, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Abin haushin shi ne kududdufan da ke zama lafiya lau a gindin dutse da rani, waɗanda ido ke cewa sun dace da yara, su ne irin mazauninta. Na ƙarshe hanya. Kada ka dogara da labarin bara. Kwana ɗaya kafin tafiya ka leƙa tashar Unguwa Uku ko duk inda motocin garin da za ka ke lodi, ka gaisa da direban da ya shigo a ranar. Ni haka nake yi: "Malam direba, sannu da hanya. Yaya dajin yake kwanan nan?" Bai taɓa ɓoye mini ba. Wani ma cewa ya yi, "Alhaji, in da iyali ne, ka fita bayan asuba, la'asar ta same ka a cikin gari."

Gurara

Ita ce wadda yara suka sani a hoto, kuma ta cancanci sunanta. Tsayinta kimanin mita 30 ne, faɗinta ya kai 200 in kogi ya cika. Hanya daga Kano miƙaƙƙiya ce: Zariya, Kaduna, ka ɗauki hanyar Abuja ka wuce Jere da Tafa, a mahaɗar Dikko ka karya dama ka hau titin Minna, bayan Lambata ka nemi kwanar ƙauyen Bonu. Kilomita 400 da ɗoriya.

Abin da ya sa nake sa ta gaba a wajen masu ƙananan yara shi ne wurin hawa biyu ne. Daga inda ake ajiye mota zuwa inda ake hango ruwan daga sama 'yan taku ne, har Hajiya mai ciwon gwiwa za ta iya. Ƙarar ruwan ma tana riga ganinsa isowa. Wanda ke son sauka gindin ruwan kuma sai ya bi gangara ta cikin duwatsu, nan ne aikin yake. Saboda haka iyali na iya rabuwa biyu ba wanda aka cuta: masu goyo da tsofaffi a sama kan tabarma, masu ƙarfin ƙafa a ƙasa.

Mu a watan Janairu muka je. Ruwan ya rarrabu gida-gida yana sauka ta tsakanin baƙaƙen duwatsu, a ƙasa kuma ga rairayi. Da muka fara gangarawa uwargida ta ɗaura Auta a baya kamar yadda ta saba. Ba mu yi nisa ba saurayin da ke mana jagora ya tsaya ya ce, "Hajiya, ki ba Alhaji yaron. In ƙafarki ta zame, bayanki ne zai fara dukan dutse." Shiru muka yi gaba ɗaya, domin ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa. Na karɓe shi na rungume a ƙirji da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina dafa dutse, wani wurin ma da mazaunai na sauka, kunya ta koma gefe. 'Yar da ta jawo tafiyar kuwa, da ta isa ƙasa feshin ruwan ya taɓa mata fuska, sai ta ɓuya a bayana ta ce a koma gida. Sai da aka yi kusan rabin awa kafin ta saki rigata. Ka sa wannan a lissafi: ƙarar ruwa tana firgita yaron da bai saba ba, kada ka tilasta masa matsawa don hoto.

Da damina Gurara ta kallo ce daga sama kawai. Ruwan yana haɗewa ya zama bango guda ja, mai ƙarfin da ba a wasa da shi, kuma akwai madatsar ruwa a can saman kogin wadda ke ba Abuja ruwan sha, don haka yawan ruwan ba ruwan saman ranar kaɗai ke juya shi ba. Ko da rani ban yarda yaro ya wuce inda ruwa ke iya idon sawu ba.

Matsalarta biyu. Masaukin da hankali zai kwanta da shi sai Suleja, Minna ko Abuja, kuma in ka zaɓi Abuja kuɗin ɗaki zai iya haura kuɗin mai. Mai ɗan'uwa a Suleja ko Kubwa ya huta, shi Gurara ta fi kowanne arha a wajensa. Ta biyu ita ce hanyar Kaduna zuwa Abuja, wadda ta yi shekaru tana fama da masu garkuwa da mutane, har jirgin ƙasa aka tare a watan Maris na 2022. Ana bin ta kullum, amma da rana tsaka ake bi, ba a tsayawa a daji. Wasu sukan ajiye mota a Kaduna su hau jirgi daga Rigasa, su ɗauki shatar mota a Abuja. Ya fi tsada, sai dai yara kan ɗauki jirgin a matsayin rabin yawon. Ga kuma gyara: Dutsen Zuma yana nan kusa da Suleja, ka ciro tsohuwar takardar naira 100 mai hotonsa ka nuna musu su gwada da na gaske.

Assop

In ana maganar sauƙin kaiwa ga ruwa, Assop ce kan gaba. Tana gefen babban titin da ya sauko daga Jos ya nufi Akwanga da Abuja, a yankin Hawan Kibo, kilomita 60 da 'yan kai daga Jos. Ka sauka daga titi, ka ɗan taka ta cikin ciyawa da bishiyoyi, sai ga ruwa yana gangarowa daki-daki a kan dutse. Ba ta kai Gurara girma da kwarjini ba, kuma a wajen ɗan shekara huɗu wannan alheri ne: yana iya tsayawa kusa bai firgita ba, ga inuwa, ga faffaɗan duwatsun da za a shimfiɗa darduma a buɗe kular abinci.

Daga Kano hanya biyu ce zuwa Jos. Gajeriyar ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, kusan kilomita 300. Doguwar ta Zariya da Pambeguwa, ta kusa 400. Da iyali a mota, abin da direbobin tasha suka ce a makon shi nake bi, in suka yi ɗan jim kafin su amsa sai in tuna da hanyar lafiya a bi ta da shekara, in nufi Zariya.

Gaskiyar magana, Assop ita kaɗai ba ta isa a taso daga Kano dominta ba. Awa biyu sun ishe ku. Abin da ke biyan kuɗin man shi ne Jos ɗin kanta: gidan tarihi da aka buɗe a 1952 da gidan namun dajin da ke maƙwabtaka da shi, wurin shaƙatawa na namun daji da ke wajen gari, da duwatsun Riyom da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu, waɗanda za ku gani a kan hanyarku ta zuwa Assop. A harabar gidan tarihin akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Babban ɗana ya kalle ni ya ce, "Abba, duk wannan tafiyar badala muka zo gani?" Masauki a Jos iri-iri ne, akwai na mai ƙaramin ƙarfi, kuma kayan lambu da dankalin Turawa da za ka ciko but da su a dawowa suna rage zafin abin da aka kashe.

Abin kiyayewa: garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba a can ya fi namu cizo da dare, a tafi da rigunan sanyi da hula da man shafawa. Gangaren Hawan Kibo kuma ba a saukarsa da birki kaɗai, ka sa ƙaramar giya, ka ba tireloli tazara, domin wuri ne da ya yi suna wajen haɗari. A bakin ruwan akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizon ƙafa da rana, irin masu hayayyafa a ruwa mai gudu, waɗanda ke yaɗa cutar makantar nan da ake raba maganinta a ƙauyuka. Dogon wando da safa sun wadatar. Sannan yankin Riyom da Barikin Ladi yana da lokutan zaman ɗar-ɗar. In ana cikin irin wannan, ko an sa dokar hana fita, a ɗage tafiyar, ruwan ba inda za shi.

Matsirga

Tana dab da Kafanchan, tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa, a wajen Madakiya. Ruwan daga duwatsun Kagoro yake tasowa, ya faɗo ta ƙofofi huɗu daga tsayin mita 25 zuwa 30 cikin wani kwari, kuma akwai rami kamar kogo da mutum ke iya tsayawa yana kallon ruwa na zuba a gabansa. A ido ta fi Assop kyau nesa ba kusa ba. Sai dai bakin kwarin a tsaye yake, saukarsa ta manya ce, yaro mai ƙiriniya kuma sai an riƙe hannunsa tun daga mota. Ka tafi da abincinka da ruwan shanka. Ban ba kowa shawarar ya taso daga Kano takanas dominta ba, tafiyar ta haura kilomita 400 ta Kaduna da Kachiya. Amma wanda ya riga ya sauka a Jos, yaransa kuma sun haura shekara bakwai, yana iya haɗa ta da Assop a yini ɗaya, tunda hanyar Kafanchan daga ƙasan Hawan Kibo take rabuwa. Nan ma sai an tambayi halin da yankin ke ciki a makon.

Farin Ruwa

Sunan ma da Hausa yake, kuma in ka hango shi daga nesa za ka san dalili: fari fat kamar an saki alawayyo daga saman dutse. Tsayinsa kimanin mita 150, ya ninka Gurara sau biyar, ya ma fi shahararriyar magangarar Biktoriya ta tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsayi, duk da ita ta fi shi faɗi nesa. Yana ƙaramar hukumar Wamba, kusan kilomita 30 daga garin, sama da 500 daga Kano. Ƙarshen hanyar ba kwalta, da damina sai mota mai tudu ko babur, bayan nan kuma ga tafiyar ƙafa ta gaske a cikin daji. Ni da abokai muka je, ban kai yara ba, kuma ba zan kai su ba sai Auta ya iya ɗaukar jakarsa da kansa. In yaro ya gurɗe ko maciji ya sare shi a can, asibiti ya yi nisa.

Wikki

Ga dalilin da ya sa na cusa ta cikin jerin. Bayan mun dawo daga Gurara na tambayi yaran abin da ya fi burge su. Ba wanda ya ambaci tsayin dutse. Abin da suka riƙe shi ne an hana su shiga ruwa. Manya ne ke son kallo, yaro so yake ya jiƙe.

Wikki ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse a tsakiyar Yankari, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin rairayi. Tsawon wurin wankan kimanin mita 200 ne. Wajen bakin dutsen yana shanye babban mutum, amma yana raguwa in an gangara, har a samu inda yaro zai tsaya da ƙafarsa kana riƙe da shi. Ba ƙara mai firgitarwa, ba igiyar ruwa mai fizga, kuma daga ɗakunan kwana matakala ce kawai za a sauka. Duk da haka ba a ɗauke ido daga yaro ko na ƙiftawa, rigar iyo mai hana nitsewa kuma ta fi balan-balan ɗin hannu da ake sayarwa a kasuwa aminci.

Hanya: Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, kusan kilomita 300. Daga Bauchi ka hau titin Gombe, a Dindima ka karya, ka shiga ta ƙofar Mainamaji, kimanin wasu 110 kafin sansanin baƙi na Wikki. An keɓe dajin tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Najeriya, ko da yake ganinsu sa'a ce. Da rani dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, don haka daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu aka fi ganinsu.

Kuɗinta ya fi na sauran, domin a ciki ake kwana, a ciki ake cin abinci, ga kuɗin shiga na kowane kai, ga na motar zagaya daji. Lokacin hutun ƙarshen shekara da na Salla ana cika, sai an kama ɗaki tun da wuri. Mai son iyalinsa su yi wanka cikin sutura da natsuwa ya sauka ruwan da sassafe, kafin 'yan makaranta da samari su farka. Mu bayan sallar asuba muke zuwa, tururi na tashi a kan ruwan saboda sanyin hunturu, ba kowa sai mu da tsuntsaye.

Haɗarin Wikki mai ƙafa huɗu ne. Gwaggon biri a sansanin ba ya tsoron mutum, ya san leda, ya san kula, ya san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. Muna zaune a baranda Auta na riƙe da gurasa, sai wani ƙato ya taho a natse kamar mai zuwa gaisuwa, ya karɓe ta daga hannunsa ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu. Uwargida ta ce, "Abban yara, kana gani fa!" To me zan yi? Tun daga ranar a ɗaki ake cin komai, ƙofa a kulle, gilashin mota a rufe. Kada yaro ya yi yawo da abinci a hannu, kada kuma a yi jayayya da biri in ya kama abu. A cikin daji akwai ƙudan tsando, a sa riga mai dogon hannu mai haske, ban da baƙa da shuɗiya, su yake bi.

Ga su a jere

| Wuri | Nisa daga Kano | Daga mota zuwa ruwa | Watannin yara | Nauyin aljihu | Babban abin tsoro |
|---|---|---|---|---|---|
| Gurara | km 400 da ɗoriya | kusa in daga sama ne, gangara mai wuya zuwa ƙasa | Disamba zuwa Maris | matsakaici, mai tsada in a Abuja aka kwana | ƙarfin ruwa, hanyar Kaduna |
| Assop | km 360 zuwa 460, gwargwadon hanya | gajeriya | Nuwamba zuwa Fabrairu | mafi sauƙi | santsi, Hawan Kibo, zaman yankin |
| Matsirga | sama da km 400 | gajeriya amma a tsaye | Oktoba zuwa Disamba | sauƙi in an haɗa da Jos | bakin kwari |
| Farin Ruwa | sama da km 500 | doguwa, cikin daji | Nuwamba zuwa Janairu | mai nauyi | nisa da asibiti, hanya |
| Wikki | km 400 da ɗoriya | matakala kaɗan | duk shekara, an fi so Disamba zuwa Afrilu | mafi nauyi | birai, zurfin bakin dutse |

Kowanne ka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Mota ta kwana biyu a wajen bakanike kafin ranar: birki, taya har da safaya, ruwan lagireto, jak. A jaka a sa takalmi mai kama ƙasa ga kowane yaro, kayan canji biyu-biyu, ledojin amai, gishiri da sukarin haɗa ruwan zawo, maganin zazzaɓi, filasta, gidan sauro. Guzuri mara lalacewa ya fi: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin. Fura da nono a bar su sai an dawo. Tafiyar ta kai a yi ƙasaru, wannan ma sauƙi ne ga mai yara. In kuma wani ya shiga ruwan kududdufi, bayan 'yan makonni ka ga fitsarinsa ya canja, a kai shi asibiti a faɗa musu inda aka je, maganin tsargiya sananne ne.

Wa ya dace da wanne

In ƙaraminku bai kai shekara huɗu ba, ko akwai mai goyo, ko mai juna biyu, Wikki. Za ka biya fiye da sauran, amma kai ma za ka zauna ka huta maimakon ka yini kana ƙwala kiran sunaye.

In yaran suna tsakanin huɗu da bakwai, kuɗin kuma a ƙirge yake, Jos da Assop, dare biyu, a hutun Disamba, matuƙar gari lafiya.

In burin shi ne yaro ya ga abin da ke cikin littafinsa, ko kana da inda za ka sauka kyauta a Suleja ko Abuja, ko tafiyar ta haɗa da kaka, Gurara. In dogon hutun damina kaɗai kake da shi, ita ce kaɗai a cikin magangarun da zan yarda a je, da sharaɗin ba mai sauka ƙasa.

In duk sun haura bakwai kuma sun ci jarrabawar Dala, a ƙara Matsirga a kan tafiyar Jos. Farin Ruwa ta 'yan sakandare ce da iyayensu maza masu sauran gwiwa.

Wanda kuma aljihunsa ko aikinsa bai ba shi damar kwana a waje ba, ya ɗauki yaran da safe ya nufi Tiga, kimanin kilomita 70 ne ta hanyar Zariya. Madatsar da aka gina zamanin Audu Bako tana nan da ruwa iya ganin ido da duwatsu a kewaye, za su ga masunta da kwalekwale, a ci soyayyen kifi, a dawo kafin magariba. A can ma dai kallo ne daga tudu, ba mai tsoma ƙafa.